Kafin Ki Miƙa Wa Mai Gwangwan Tsohuwar Kwamfutar Gidanku

A ɗakin shirginku, ko ƙarƙashin gadon yara, ko saman wadrob, babu wata tsohuwar kwamfuta da aka lulluɓe da tsohon zane? Irin mai ƙaton allo kamar talabijin ɗin da, da akwatin ƙarfe wanda a da fari ne, yanzu ya koma kalar haƙorin mai cin goro. A gidaje da yawa akwai ta. Ko maigida ne ya saya lokacin da yake ƙarin karatu, ko ta shagon buga takardu ce da aka rufe, ko kuma ta mamaci ce, magada suka rasa yadda za su yi da ita suka bar ta a inda take. Duk ranar kwalema sai kin yi tuntuɓe da ita, ki ce wannan karon sai ta bar gidan.

Tawa ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Malamin makaranta ne, kuma da kuɗin sallamarsa ya saye ta, ta hannu, daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka. Pentium 4 ce, Windows XP ke kanta. Bayan rasuwarsa babu wanda ya nuna yana so, ni na ɗauko ta, ta bi ni gidan haya biyu kafin mu zauna a namu. A wajen tashi na biyu ne fuskar akwatin ta tsage, 'yar ƙofar da ke rufe wajen sa faifai ta ɓalle ta ɓata. Daga baya wata damina ɗakin shirgi ya yi yoyo, tsatsa ta cinye murfin gefe ɗaya har ya huje.

Rigimar ta taso ne da babban ɗana ya shiga ajin ƙarshe na sakandare. Kin san tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yaron da bai saba da kibod da maus ba yana shiga ɗakin ne da fargaba biyu. Ya zo ya same ni a kicin ya ce, "Umma, ga kwamfutar Baba tana zaune ba ta aikin komai. Ki bari a kai ta a cire kayan cikin a zuba sababbi, a canza mata akwati, in riƙa amfani da ita." Ƙanena kuwa da ya ji, dariya ya yi ya ce, "Yaya, wannan ai ko mai gwangwan sai ya yi miki alfarma zai ɗauka. Ki rabu da ita ki huta."

Kowannensu yana da gaskiyarsa. Amma ki lura da abin da yaron ya ce: a cire kayan ciki, a canza akwati. In an cire na ciki an canza na waje, me ya rage na kwamfutar Baba? Igiyar wuta?

Na ɗauke ta a Keke Napep na kai wa wani mai gyara a Titin Beirut, dattijo ne wanda ya fara sana'ar tun zamanin da irin waɗannan ne sababbi. Abin da ya fara tambayata shi ne, "Hajiya, kun kunna ta?" Na ce a'a. Ya ce to madalla. Ki riƙe wannan, domin shi ne abin da yara ke fara yi da zarar sun ga tsohuwar na'ura: su jona ta da wuta su gani ko za ta tashi. Na'urar da ta shekara goma a ajiye tana iya zama gidan kyankyasai da ɓeraye, ƙurar hunturu ta daskare a kan fankarta, danshi ya shiga inda bai kamata ba. Sannan tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da wani ɗan jan maɓalli a baya, kusa da inda ake soka igiyar wuta, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. Wutar Amurka ce 115, tamu 230. In yaro ya taɓa tura shi wajen wasa aka jona a haka, ƙara ɗaya za ki ji, sai ƙauri.

Da ya buɗe, ya nuna min wasu 'yan abubuwa a tsaitsaye kamar ƙananan gwangwanaye a kan babban allon ciki, wanda suke kira madabod. Sunansu kafasita. Guda biyar kansu ya kumbura, ɗaya har ya yi aman wani abu mai ruwan ƙasa ya bushe. Ya ce wannan sananniyar cuta ce ta na'urorin da aka ƙera daga wajen 1999 zuwa 2007, ba ta bar kamfani ɗaya ba, domin an cika kasuwa da kafasitoci masu gurɓataccen ruwan ciki a wancan lokacin. Ana cire su a like sababbi da dalma, aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya. Ya kuma ciro wani batiri mai kama da kwabo, shi ne ke riƙe wa kwamfuta agogo da kwanan wata idan an kashe ta. Wannan mai sauƙi ne, ana samunsa ko a wajen masu gyaran agogo. Ya ce waɗanda suka girmi tawa, na zamanin 386 da 486, batirinsu like yake a jikin allon kamar ɗan ganga, kuma idan ya tsufa yoyo yake yi ya cinye hanyoyin wutar allon a hankali, tana ajiye tana mutuwa ba wanda ya sani. In irin wannan ce a gidanku, ko ba za ki gyara ta ba, ki sa a cire mata batirin nan.

Sai na kawo maganar yarona. Ya girgiza kai. Ya ce ƙara wa irin wannan ƙarfi kamar a ɗora wa jaki injin babur ne. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP tun watan Afrilun 2014, manhajar Chrome ta daina yi mata sabuntawa a 2016, don haka yawancin shafukan intanet na yau ko ba za su buɗe ba, ko su buɗe a karkace, kuma hawa intanet da ita kamar barin ƙofar gida a buɗe ne da dare. Windows 11 kuwa ba za ta hau kanta ba ko an yi mata me. Abin da za a iya ƙara mata kaɗan ne, kuma ko an ƙara, wayar da ke hannunki yanzu ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Ga shan wuta. Gidan da ke lallaɓa sola da batiri ba zai ji daɗin wannan ƙaton allon ba.

Wato abin da yarona yake kira gyara, sayen sabuwar kwamfuta ne a fakaice, tare da zubar da tsohuwar. Da na gane haka sai lissafin ya sauya min. Na raba buƙatun biyu: yaro yana buƙatar na'urar karatu, wannan kuɗin adashi zai yi maganinsa, laftof ta hannu ta ishe shi. Kwamfutar Baba kuma wata magana ce daban.

Ga dalilin da ya sa ta zama magana daban. Kafin mai gyaran ya taɓa komai, ya zare rumbun ajiyarta, wanda suke kira haddis, wani ƙarfe mai nauyi kamar ƙaramin littafi. Irin na da ne mai faffaɗar igiya kamar ɗamara, kwamfutocin yanzu ba su da wajen soka shi, sai da wata 'yar mahaɗa da ke juya shi zuwa USB. Ya jona, muka yi shiru muna saurare. Ya yi ƙara kamar ana niƙa a nesa, sannan ya buɗe. Ya kwafe komai zuwa filashi biyu, ya kuma ɗauki hoton rumbun gaba ɗayansa, yadda ko ya mutu gobe za a iya zuba shi a wani.

A ciki akwai hotunan sunan 'ya'yana biyu na farko, waɗanda na ɗauka sun ɓata tare da kyamarar da aka ɗauke su. Akwai wasiƙun da Baba ya rubuta yana bin haƙƙinsa na fansho, ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta fi ta baya gajarta. Akwai kuma abin da ban san da shi ba sam: tarihin gidanmu, shafi sama da tamanin, tun daga kakan kakansa da ya taso daga ƙauye da jakuna biyu, da sunayen matan gidan waɗanda ba a cika ambata ba idan ana lissafin zuri'a. Kakata da na sani da "Inna" kawai, a nan na fara ganin cikakken sunanta da na mahaifiyarta.

Na koma gida da murna na buɗe rubutun a laftof ɗin maigidana. Sai na ga abin mamaki. Duk inda ya kamata a ga "ƙasa" sai in ga }asa. "Ɗan" ya koma [an, "ɗaya" ta koma ]aya, "ɓata" ta koma ~ata. Shafi tamanin cike da baka da ƙugiyoyi kamar kaji sun yi tsere a kai. Wataƙila kin taɓa cin karo da irin wannan a tsofaffin rubuce-rubucen Hausa da aka ɗora a intanet, kika ɗauka kuskuren mai bugawa ne. Ba kuskure ba ne. A shekarun 1990 kwamfuta ba ta zuwa da haruffanmu masu lanƙwasa, sai masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka ƙirƙiro zubin haruffa na musamman domin Hausa. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari maɓallan da ba a cika amfani da su ba, a ɗora musu ƙ da ɗ da ɓ. Muddin zubin yana kan kwamfutar, rubutu zai fito tsaf. In aka kai shi inda babu, sai asirin ya tonu, baka ta koma baka.

Gyaran bai da wuya, yarona ma ya yi shi cikin rabin sa'a, ya sa kwamfuta ta nemo kowace alama ta musanya ta da harafin da ya dace. Amma abin ya tsaya min a rai. A kan tsohuwar na'urar can kaɗai rubutun yake kamar yadda Baba ya gan shi, da zubin da ya zaɓa, da yadda ya jera manyan fayilolinsa da sunayen 'ya'yansa, da hoton da ya sa a fuskar allo. Da an bi shawarar farko an goge rumbun an zuba sabuwar manhaja, da duk wannan ya tafi, kuma da ba za mu taɓa sanin mun yi asara ba.

Sai muka dawo kan akwati, wanda masu gyara ke kira kesin, kuma nan ne na sha yawo. Na ɗauka abu ne mai sauƙi kamar sauya wa waya riga. Ashe kwamfutocin tebur kashi biyu ne. Akwai waɗanda ake harhaɗawa a shago, su suna bin wani ma'auni da kamfanin Intel ya fitar a 1995 mai suna ATX, wanda ya tsara girman allo da inda ramukan noti za su zauna. Irin waɗannan, allon da aka yi shekara ashirin da suka wuce zai iya zama daram a akwatin da aka ƙera bana. Akwai kuma na manyan kamfanoni, waɗanda sau da yawa suke yanka allonsu da akwatinsu yadda suka ga dama, ramuka a wani waje daban, igiyar maɓallin kunnawa da irin bakinta. Ta Baba tana cikin kashi na biyu. Ba ta shiga akwatin kowa sai na 'yan gidansu.

Ko da ma tana shiga, da na ga akwatunan da ake sayarwa yanzu sai jikina ya yi sanyi. Baƙaƙe ne wuluk, gefe ɗaya gilashi, ciki fitilu ja da kore da shuɗi suna walƙiya kamar motar kai amarya. Da yawansu ma ba su da wajen sa faifan CD, balle na filofi. Na tsaya ina kwatanta rubutun Baba a cikin wannan, na ji kamar a ɗaura wa dattijo wandon 'yan ƙwallo.

Mai gyaran ya ce hanya ɗaya ce: a nemo gawar irinta, wadda cikinta ya mutu amma jikinta lafiya, a ciri abin da ake so. Ya aika wa abokan sana'arsa hoto, har da wani a Computer Village ta Ikeja. Amsar da aka fi ba shi ita ce an daɗe da auna irinsu a kilo. Wannan ce matsalar kayan da ba su tsufa sosai ba kuma ba sababbi ba: lokacin da suka yi yawa ba wanda ya ga darajarsu, ranar da aka zo nema kuma babu. Haka iyayenmu suka yi da tasoshi da fanteka da kwallayen jere, aka ba masu gwangwan a musanya da robobi, yau ga shi ana neman na ado a falo ana rasawa.

Turawa sun riga mu shiga wannan damuwar, har ta zama musu sana'a. Kwamfutar Commodore 64 da ta fito a 1982 tana da masoya har gobe, kuma da aka gano ainihin ƙarafan da kamfanin ya yi amfani da su wajen zuba robar akwatin wani samfurinta a wajen wani gwanjo a Amurka, masoyan ne suka tara kuɗi aka sake zuba sababbin akwatuna. Su ma suna da irin rigimar gidanmu. Wasu na cewa a bar na'ura yadda ta fito daga masana'anta ko da ta dafe, wasu na cewa na'urar da ba a kunnawa gawa ce, a sa mata duk abin da zai sa ta yi aiki. Abin dariya kuma, ɗaya daga cikin tsofaffin kwamfutocin da suka fi tsada a duniya ba ta ma zo da akwati ba. Apple ta farko, ta 1976, allo ne tsirara ake sayarwa a kan dala 666.66, mai saye ya nemi abin da zai saka ta a ciki, wasu suka yi mata na katako. A 2014 an sayar da guda ɗaya a kan dala 905,000. Kada wannan ya sa ki fara lissafin kuɗin Makka da ta ɗakin shirginku. Waccan kusan guda 200 kacal aka yi, irin tawa da taki kuwa miliyoyi ne. Darajar tamu a cikin gida take.

Bayan wata biyu aka samo gawa ɗaya a wani tsohon shagon buga takardu da ke shirin komawa shagon cajin waya. Murfin gefenta lafiya lau, ya zauna a jikin ta Baba kamar an auna. Fuskarta kuwa ta fi tamu lalacewa. Don haka mai gyaran ya like tsagar tamu ta ciki da gam, inda ba a gani.

Ya tambaye ni ko ina so a mayar da ita fara. Ashe wannan jan da robar ke yi ba datti ba ne, shi ya sa ko kin goge da omo da soso ba ya fita. Robar ce kanta take sauya launi saboda haske da zafi. Masu sha'awar abin suna shafa mata sinadarin nan na ferokzayid, dangin wanda ake haɗawa a shagon gyaran gashi idan za a sauya wa gashi launi, su naɗe ta da leda su shanya a rana, ta yi fari. Sai dai in ba a shafa daidai ba tana yin dabbare-dabbare, kuma bayan 'yan shekaru jan yakan dawo. Na ce a bar ta. A gefen maɓallin kunnawa akwai wani waje da ya yi sulɓi ya ɗan yi duhu, daidai inda babban yatsan Baba yake sauka. A saman akwatin kuma akwai 'yar takarda da ya like da salatif, da rubutun hannunsa: a kashe kafin a tada inji. Wane fari ne zai biya ni wannan?

Ƙa'idar da na bi a ƙarshe, daga keken ɗinkin mahaifiyata na aro ta. Da aka sa mata mota mai aiki da wuta, ba a cire mata abin takawa ba, ranar da babu wuta sai a mayar da bel a ci gaba da ɗinki. Duk canjin da za a iya warwarewa, na yarda a yi. An sa sababbin kafasitoci da sabon batiri, domin in ba su ba za ta tashi ba. An zuba hoton rumbun a kan wani ɗan kati marar motsi a ciki, shi take tashi da shi yanzu, ainihin rumbun Baba kuma yana naɗe a leda cikin akwatin da nake ajiye takardun gida. Ruɓaɓɓen murfin ma ban yar ba. Ƙaton allon ne kaɗai na sauya da siriri na hannu, saboda wuta, kuma saboda mai gyaran ya gargaɗe ni cewa irin waɗancan suna riƙe wuta mai ƙarfi a cikinsu ko bayan an zare su daga soket, kada a bar yaro ya kwance su da sukundireba.

Ba ina ce miki kowace tsohuwar kwamfuta sai an yi mata wannan hidimar ba. Mafi yawansu shirgi ne kawai, kuma gidan da yara shida ke kwana ɗaki biyu ba shi da wajen ajiye kayan tarihi. In taku ba ta da wani labari, ki rabu da ita. Amma kada ta fita daga gidan da rumbunta a ciki. Noti huɗu ne da igiya biyu, kowane mai gyara zai cire miki cikin minti biyar. Ko babu tarihin zuri'a, akwai hotunanki na gida da ba ki so bare ya gani, akwai takardun banki da na fili, kuma abin da aka goge da hannu sau da yawa ana iya dawo da shi. Haka tsofaffin wayoyin da ke cikin durowarki: ki cire musu memori, ki duba batirinsu, wanda ya kumbura ki fitar da shi daga ɗaki.

Yarona ya samu laftof ɗinsa, ya yi jarrabawarsa. Wani abin da ban zata ba, shi ne yanzu yake kunna ta kakansa duk bayan 'yan makonni, kamar yadda mai gyaran ya ce a riƙa yi don kada ta sake yin dogon barci. Ya gano wasan kati a ciki, da sunan Baba a jerin waɗanda suka ci wani wasan na nakiyoyi, yana ta fama ya wuce shi bai samu ba. Ƙannensa kuma suna zuwa kallon filofi, sun kasa yarda cewa abu mai faɗin tafin hannu ba zai iya ɗaukar hoton waya ko guda ɗaya ba.

'Yar ƙofar nan ta gaba ce har yanzu ban samu ba. Ruwan toka ce, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, tana da 'yan ƙugiyoyi biyu a sama. In akwai wadda ke shirin kiran mai gwangwan a wannan makon, don Allah ta duba fuskar akwatin tukuna, ta bar min saƙo a ƙasa.